Abin shaƙa mai shuɗi kaɗai ba ya isar mai asma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana, tunda hunturu ya kawo kai, ƙura ta fara lulluɓe Garwa.

Tsoron da muke yi wa abin shaƙa na asma ya yi yawa. Kullum sai a ce wanda ya fara ba ya dainawa, gara a ba yaro zuma da habbatussauda. Maganar ba ta da tushe. Asma kumburi ne a hanyoyin iska na huhu; da ƙura ko hayaƙi ko sanyi sun taɓa su sai su tsuke, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar usur. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma dabam take da tarin fuka. Amma tana kisa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, 455,000 suka rasu.

'Yata tana da ita. Cikin dare take tari, tsakanin haƙarƙarinta yana lotsawa. A asibiti aka sa ta hura wata na'ura iya ƙarfinta, aka ba ta Ventoline, wato abin shaƙa mai shuɗi, aka dakata kaɗan ta sake hurawa. Bambancin hurawar biyun likita ya duba. Ya ce maganin iri biyu ne. Mai shuɗin hanya kawai yake buɗewa in abin ya taso. Ɗayan na kullum ne, shi ke kwantar da kumburin, ana shaƙarsa ko yaro lafiya lau yake, a kurkure baki bayansa. Wannan ne yawancinmu ba mu sani ba, sai a yi ta sayen shuɗin wurin masu tallar magani, ciwon yana nan daram.

Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna min a huda gindin gorar ruwa ta roba, a cusa bakin maganin, a fesa, yarinya ta ja ta bakin gorar. Ya fi isa huhu haka.

Turaren wuta sana'ata ce, amma kasko ba ya shiga ɗakin da take kwana, haka maganin sauro na kunnawa. Masu shan taba kuwa su yi haƙuri su fita waje.

In haki ya hana yaro haɗa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko an shaƙa bai lafa ba, a tsayar da mai mashin a kai shi asibiti a daren, kada a ce sai gari ya waye.

Wassalam,
Mai sayar da turaren wuta,
Garwa, Kamaru