Haraji Nawa Ne a Kan Buhun Riɗi Ɗaya?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na daren Talata. Baƙon nan naku ya yi ta nanata cewa kuɗin shigar gwamnati ya ƙaru, ya ƙaru, mai gabatarwa kuma sai "madalla" yake cewa. Ko sau ɗaya bai tambaye shi daga aljihun wa kuɗin ya fito ba. To daga nawa ne.

Ni riɗi da zoɓorodo nake saye a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel in kai Dawanau. A kakar bana na yi lodin buhu 40. Tun kafin mota ta tashi na biya kuɗin kasuwa, na biya kuɗin lodi. Kafin mu kai Gujungu an tare mu sau biyu. Yara ne matasa da sanda mai ƙusoshi a gicciye a titi, kowa da kalar rasit ɗinsa, wani ja wani kore. Na miƙa wa ɗayansu wanda na yanka da safe, ko duba shi bai yi ba, ya ce, "Baba, wannan na can ne, nan namu daban." Da muka shiga ƙasar Kano aka sake sabon lale. Rasit bakwai na ƙirga a aljihun rigata ranar, biyu daga ciki ko hatimi babu.

Kuna tsammanin ni zan haɗiye wannan asarar? Ba zan iya ba. Idan na koma ƙauye, farashi nake ragewa, manomin da ya sha rana ya ci bashin taki shi ne zai biya. Ƙanena ma a cikinsu yake, kuma in na faɗa masa kuɗin da zan saya, kunyar haɗa ido da shi nake ji. Manyan masu saye da a da suke turo mana tirela har gida yanzu sun ce mu kawo da kanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, aka zo aka rufe iyakar Maigatari wata da watanni, kasuwa ba ta gama farfaɗowa ba, sai kuma a ce mu ne saniyar tatsa. Ta yaya baƙonku yake so masu jari su zo su kafa kamfanin gyaran riɗi a nan?

Ina yaro a 1979 marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, lokacin duk muna Jihar Kano. Na ga yadda mahaifinmu ya yi murna. Yau an dawo mana da su ta taga, da sunaye goma.

Ba mu ƙi biya ba. A yanka mana sau ɗaya, rasit ɗaya da za a girmama daga Maigatari har Dawanau, mu kuma ga kuɗin a hanyarmu da ruwa ya cinye tun daminar bara. Ku sake gayyato shi, amma ku zaunar da direban babbar mota a gefensa.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Da iyali muke sauraro a tsakar gida, sai mutum ya yi wuf ya rage murya saboda 'ya'yansa mata.

Naku mai sauraro kullum,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.