Rahoton Shekara ga Mambobi: Aikinmu kan Zanen Hanyoyin Kebul a Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwa masu zanen aikin lantarki, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne samar da samfuri guda na zanen hanyoyin kebul, wanda kowane mamba zai buɗe a manhajar zane ta AutoCAD ya ɗora aikinsa a kai. Dalili a fili yake. Zane-zanen da aka kawo taronmu na farko aka duba, galibinsu layi ɗaya ne aka ja daga allon rarraba wuta zuwa inji: babu faɗi, babu tsayi daga ƙasa, ba a ce tire ne (buɗaɗɗen farantin da ake shimfiɗa kebul a kai) ko tirankin (dogon akwati mai murfi da wayoyi ke bi ta ciki) ko bututu ba. Mai haɗa waya idan ya karɓi irin wannan takarda, abin da ya ga dama zai yi, kuma laifin ba nasa ba ne.

A sabon samfurin kowace hanya da leyarta (wato shimfiɗarta ta daban a cikin zanen) da launinta. Ta wuta daban, ta wayoyin intanet da kyamara daban, ta ƙararrawar gobara daban. Tire ana zana shi da ainihin faɗinsa, milimita 150 ko 300 ko 450, a rubuta tsayinsa a gefe. Wuraren kwana da mahaɗai an zana su an ajiye, ɗauka kawai za a yi a saka. Mun dage a kan kwana saboda kebul mai sulke ba ya tanƙwaruwa yadda ran mutum ke so. Lanƙwasarsa ba ta gaza ninki 6 zuwa 8 na kaurinsa, gwargwadon irinsa. Wanda ya zana kwana mai kaifi ya bar wa masu jan kebul wahala, wani lokaci har da fasa bango.

Inda muhawara ta yi zafi shi ne batun cika tirankin. Littafin jagora na BS 7671, ƙa'idar haɗa wayoyin lantarki ta Birtaniya, ya ce kada wayoyi su cinye fiye da kashi 45 cikin ɗari na cikinsa. Wasu 'yan'uwa sun ce mai gini ba zai biya kuɗin babba ba alhali ƙarami na rufuwa. Kwamiti bai karɓi wannan ba. Jadawalin ƙarfin waya an gina shi ne a kan zafin digiri 30, mu kuwa a Kano watan Afrilu yana haura 40. A digiri 40, waya mai rigar PVC kashi 87 cikin ɗari kaɗai take iya ɗauka na abin da jadawali ya nuna, tun ba a yi maganar cunkoso ba, balle a ƙarƙashin kwanon masana'anta a Sharaɗa ko Challawa. Don haka aka saka ɗan jadawali a kusurwar kowane zane, mai nuna yawan wayoyin kowace hanya da filin da ya rage.

Horon ranar Asabar ya gudana, in ban da hutun azumi. Matasa sun fi zumuɗin Revit, manhajar da ke nuna gini a siffarsa ta zahiri, kuma suna da gaskiya: a can ne ake ganin tire ya ci karo da bim (gungumen da ke tallafe da gini) ko bututun sanyaya ɗaki tun ba a zuba kankare ba. Sai dai kwamfutocin yawancinmu ba sa jan sa, ga kuɗin lasisi, tunda kamfanin Autodesk, mai AutoCAD da Revit, ya daina sayar da na dindindin a 2016 ya koma haya. Ga masu ƙaramin ƙarfi mun nuna LibreCAD, kyauta ne, yana buɗe fayil ɗin DXF, wanda AutoCAD ke iya fitarwa, kuma ya isa zanen gida ko shago.

Ziyarar gani da ido da aka tsara zuwa wurin wani babban gini ba ta yiwu ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro.

Masu haɗa zane da kwangila, muna sake tunatar da ku takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki a Najeriya; wanda tasa ta ƙare ya sabunta. Kowane mamba kuma ya zo babban taro da zane ɗaya da ya yi a kan samfurin, a buge a takardar A3, domin a duba tare a gyara kafin a amince da shi.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa