Ƙanwata ta daina yi man magana saboda masu zaɓen 'yan tallar kaya

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya jama'a. Don Allah kada ki faɗi sunana cikin shirin, ni dai daga Mabera nike nan Sakkwato. Wallahi rubutun ga da nike yi hannuna na rawa, daren jiya ban runtsa ba, don yarinyar da nir raina da hannuna ta dube ni tsakiyar ido tac ce baƙin ciki nike mata.

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tun rasuwar Innarmu take hannuna, lokacin tana aji uku na firamare. Kuɗin makaranta, kayan Sallah, har wayar da take riƙe da ita yanzu da kuɗin adashina anka saye ta, ɗinki nike yi, wani lokaci har ƙarfe ɗaya na dare ina bisa keke. Ban faɗi don gori ba Anti, don ki san ni ba maƙiyiyarta ba ce.

Wasu mutane sunka zo wani otal nan cikin gari wai suna neman masu baiwa, 'yan tallar abaya da atamfa da lalle, har da masu son fim. A Instagram tag gani. Tun 2021 da Shatu Garko ta Kano ta ci gasar Miss Nigeria da hijabinta yarinyar nan ba ta da zance sai wanga, kullum gaban madubi. Ni kuma da nig ga tallar abaya ce, jiki rufe, sai nic ce to mu tahi tare in gani da idona. Fom naira 15,000, ni nib biya. Na san za a ce laifina ne, amma ai gara in raka ta da ta tahi a ɓoye, ko ba haka ba?

Cikin hol ɗin 'yan mata sun kai talatin, an shimfiɗa jan kafet, kowace ta yi tafiya sau ɗaya ta dawo, wani saurayi na ɗaukar bidiyo da waya. Wata mata mai gilas da zobba cike da hannu ita ce shugaba, bakinta kamar zuma, ta kama haɓar ƙanwata tana juyawa tana cewa wanga fuska kuɗi ce. Tun nan jikina yay yi sanyi da matar, ko amsa gaisuwata ba ta yi da kyau ba, idonta na bisa jakata.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wai ta ci. Munka yi murna har da guɗa. Sai daga baya ɗiyar maƙwabtanmu tac ce ita ma ta ci, ƙawarta ta Arkilla ita ma ta ci, da anka buɗe gurup na WhatsApp sai ga kusan duk wadda nig gani ranar tana ciki. To wace irin jarrabawa ce babu wanda ya faɗi? Kuma ƙanwata gajera ce kamar ni, alhali na ji masu tafiyar nuna kaya dogaye ake nema.

Yanzu wai akwai babban taro Abuja na kwana uku inda manyan kamfunna za su zo su zaɓa. Kuɗin shiga 120,000, hotuna 40,000 kuma dole mai hotonsu ne zai ɗauka, masauki daban, mota daban. Na riga na tura 40,000 na hotunan, kuma akawun ɗin da anka ba mu sunan mutum ne, ba na kamfani ba, babu rasit sai dai alat da nike riƙe da shi. Maigidana bai sani ba. Kuɗin atamfar wata amarya ne da anka ba ni in saro kasuwa, nic ce zan mayar kafin biki.

Ƙanen maigida da ke karatu jami'ar Ɗanfodiyo shi nit tambaya a asirce. Yac ce ejan na gaskiya ba ya karɓar kuɗi gaba, sai ya samo maki aiki an biya sannan ya cire kasonshi, wanda kuma abincinshi ke fitowa daga kuɗin fom da na taro bai damu ko kin samu aiki ko ba ki samu ba. Ya duba sunansu shafin hukumar rajistar kamfanoni CAC bai gani ba. Yac ce in fim ne ma ai Kano akwai hukumar tace fina-finai da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, a tambayi matar ko suna da rajista can. Da nit tambaye ta cikin gurup, nic ce kuma ta faɗi sunan yarinya ɗaya da sunka samo wa aiki bara in kira ta, sai ta cire ni daga gurup ɗin. Ta kira ƙanwata tac ce dangi irina su ke kashe wa yara gaba.

Abin da ya fi tada man hankali, na ɗauki wayar ƙanwata tana wanka (na san ba kyau, amma ni ce uwarta yanzu) nig ga wani daga cikinsu shina tambayarta awon ƙirji da ƙugu, da hoto babu mayafi, kuma wai ko tana da fasfo don akwai aikin Dubai. Shekararta 19 fa Anti. Ga labaran da muke ji hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP na ceto 'yan mata da anka yaudara da sunan aiki waje, ga hanyar Gusau zuwa Funtua yadda take, a ce ta kama ta ita kaɗai.

Ƙanwata kuma tac ce akwai tarukan gaskiya, in ba a gwada ba ya za a sani, kuma ƙawayenta duk iyayensu sun biya. Ni ban ce babu na gaskiya ba, kuma ina tsoron in hana ta abin da zai zama arzikinta ta riƙe ni har abada. Jiya ta ce za ta sai da wayar da 'yan kunnen Inna ta cika kuɗin, nan ne nim mare ta, abin da ban taɓa yi ba.

Anti ranar Juma'a sunka ce za su rufe karɓar kuɗi. In faɗa wa maigida? In ya ji zancen kuɗin amarya ban san mi zai biyo baya ba, kuma in Baffanmu na Tambuwal ya ji cewa zai yi a maida ta ƙauye a yi mata aure. Akwai yadda zan karɓo 40,000 ɗin nan? Tun safe ta kulle ɗaki, abincin da nik kai mata shina nan bakin ƙofa.