Rahotonku a kan Wu Man ya bar mafi muhimmancin labarin a baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ku da dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne game da ɗan rahoton da kuka kawo a filin al'adu kan Wu Man, makaɗiyar nan 'yar ƙasar Sin. Kun ambaci cewa mujallar Musical America ta zaɓe ta gwarzuwar makaɗa ta shekarar 2013, kuma gaskiya ne, amma da kuka tsaya a nan sai ya zamana kamar darajarta ba ta wuce yabon da Turawa suka yi mata ba.

Abin da take kaɗawa shi ne pipa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗora shi a tsaye bisa cinya, makaɗi ya ɗaure farata na roba a yatsun hannunsa na dama, ya riƙa jero su ɗaya bayan ɗaya da sauri har sautin ya koma kamar zubar ruwan sama a kan kwano. Asalinsa daga tsakiyar Asiya ya shiga Sin ta hanyar fataken siliki, ya samu gindin zama a fadar daular Tang.

An haifi Wu Man a birnin Hangzhou a 1963, ta yi karatu a babbar makarantar koyon kiɗa ta Beijing, inda ta zama mutum na farko da ya samu digiri na biyu a kan pipa. Da ta koma Amurka a 1990, mutane ƙalilan ne a can suka san wannan kayan kiɗa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta riƙa maimaita tsofaffin kaɗe-kaɗe a bukukuwan 'yan ƙasarta. Ba ta yi haka ba. Ta haɗa kai da ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Kronos Quartet, manyan masu tsara kiɗa irin su Tan Dun da Lou Harrison da Philip Glass suka rubuta sababbin ayyuka da pipa a ciki, sannan tana cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar kiɗa ta Silk Road ta shahararren makaɗi Yo-Yo Ma da su. Har da makaɗin Uganda, James Makubuya, ta yi faifai.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda ko kusa ba ku taɓo shi ba, shi ne yadda ta koma ƙauyukan arewacin Sin bayan ta yi suna, tana neman makaɗan da makarantun birni ba su ɗauke su a bakin komai ba. A 2009 ta kai wasu daga cikinsu zauren Carnegie da ke New York, ciki har da manoman Huayin na lardin Shaanxi, masu rera waƙa da iyakar ƙarfin murya, ɗayansu yana dukan bencin katako da guntun itace. Wadda ta yi wasa a Fadar White House ba ta da buƙatar wannan wahala, kuma a ganina nan ne ta bambanta da masu yi wa kiɗan gargajiya kwalliya domin ya shiga kunnen baƙi.

Ina roƙon ku ware mata cikakken shiri, ku saka kiɗan nata ya ɗan jima kafin mai gabatarwa ya yi magana a kai, domin a rahoton da ya gabata muryarsa ta danne shi tun daga farko har ƙarshe.

Naku mai saurare,
daga Zariya