Rahoton ayyukan kungiya na shekarar 2024 zuwa ga mambobi

Assalamu alaikum yan uwa, iyayenmu dattawa da abokan sana'a da ke tuki a New York, musamman mutanen Bronx da Harlem. Ga rahoton shekara daga ofishin sakatare, a yi hakuri ya dan makara.

Harkokin da aka saba sun tafi daidai alhamdulillah, an yi buda baki a azumi, an yi taron sallah, kungiya ta sa hannu wajen hidimar yan uwa da suka rasu, Allah ya jikansu. Lissafin kudi ma'aji zai kawo nasa daban, amma masu bashin kudin wata don Allah ku san kanku.

Abinda ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne maganar tare motoci da yan sanda ke yi da bayanan da doka ta ce su rika ajiyewa. Tun 2022 NYPD, rundunar yan sandan birnin New York, ke fitar da alkaluma kan motocin da suka tsayar, launin fatar direba, shekarunsa, ko an caje motar, ko an ba da tikiti ko an kama mutum. Da kungiyar kare hakki ta NYCLU ta duba na farkon ta ce kusan kashi 90 cikin dari na wadanda aka kama bayan an tare su a mota bakar fata ne ko yan Latino. Mu da muke kwana a kan sitiyari wannan ba sabon labari ba ne, bambancin kawai yanzu a rubuce yake, ba hirar bakin masallaci ba ce, ana iya ajiye shi gaban kansila ko alkali.

Sai kuma dokar How Many Stops Act, mai tilasta wa yan sanda rubuta bayanin mutanen da suka tsayar suka yi wa tambayoyi na bincike, da aka yi ta rigima a kai farkon shekara, majalisar birni ta amince da ita a Disamba 2023, magajin gari na lokacin Eric Adams ya ki sa hannu yace zata cika yan sanda da aikin takarda, ranar 30 ga Janairu majalisa ta tsallake shi da kuri'a 42 da 9, ta fara aiki a watan Yuli. Ita wannan ta fi shafar tsayar da mutum a kafa ana masa tambayoyi, wato yaranmu masu dawowa daga makaranta da masu kai abinci a keke. Kwanaki kadan kafin kuri'ar aka tare kansila Yusef Salaam a Harlem da iyalinsa a cikin mota, shi yace ba a fada masa dalili ba, yan sanda daga baya suka ce gilashinsa ne yayi duhu. A guruf dinmu na WhatsApp an kwana ana wannan magana, in kansila ne haka to ina ga direban haya mai lambar TLC, hukumar tasi ta birni.

Shi yasa muka gayyato lauya ya zauna da mu a dakin taro na masallaci, kuma wallahi wanda bai zo ba yayi asara. Ya bayyana cewa tun hukuncin kotun kolin Amurka na 1996 dan sanda na iya tsayar da kai kan karamin laifi kamar fitilar baya da ta mutu ko tinti, wato bakin gilashi, ko da a ransa wani abu daban yake nema, don haka ta mutum daya da wuya ka tabbatar an tare ka saboda fata, sai an tara dubbai a ga inda abin ya karkata. Ya kawo binciken jami'ar Stanford da ya duba tarewa kusan miliyan 100 a fadin kasar, aka ga kason bakake cikin wadanda ake tarewa yana raguwa in duhu ya shiga, lokacin da ba a iya ganin fuskar direba daga nesa. Wani dattijo yace to ashe mu koma aikin dare, aka yi dariya.

Inda nake so mu tsaya shi ne nan. Bayanan nan dan sandan ne ke cikewa da hannunsa, shi ke kallonka ya rubuta abinda ya ga dama ka yi kama da shi, kuma dan Kano da dan Zinder da dan Kumasi duk gida daya ake zuba mu, bakar fata. Ba inda za a ga cewa direban bai jin turanci sosai, ko an nemi izininsa kafin caje mota shi kuma ya daga kai don tsoro, alhali dokar 2018 ta ce a fada maka kana iya kin yarda. Don haka kwamiti ya fito da fom namu, shafi daya ne, rana da lokaci da titi, dalilin da aka fada maka, sunan jami'i da lambar bajensa, an caje ko ba a caje ba. Gaskiya kadan ne suka cike. Mutum zai yi voice na minti goma a guruf yana fada amma fom ya gagara, wasu kuma suna tsoro saboda maganar takardu, mun fahimta, shi yasa ba dole a sa suna ba kuma fom baya fita hannun kwamiti sai da yardar mai shi.

Wadanda suka so kai korafi mun raka su CCRB, hukumar farar hula da ke binciken yan sanda, wadda tun 2022 take da ikon duba zargin wariyar launin fata. Abin yana daukar lokaci, kada wanda ya sa ran sati biyu.

Tinti kuma don Allah a cire, dokar jihar tana son haske kashi 70 ya ratsa gilashi kuma tun 2017 ana dubawa wajen inspekshan, kar mu basu kofa da kanmu.

Badi muna neman matasa biyu masu iya kwamfuta su taimaka wajen shigar da fom, za a kuma yi shi da Faransanci saboda yan uwanmu na Nijar. Zaben sabon kwamiti a taro na gaba ne bayan la'asar, masu son tsayawa su ba shugaba sunansu kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren kungiya