Rahoton Ayyukan Shekara: Horar da Mambobi kan Kare Yara da Shari'ar Ƙananan Yara, Marwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, iyayenmu mata, shugaba da 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa mambobi na nan Marwa da na rassan Mora, Mokolo da Kuseri.

Ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa daban, don haka ba za ku ga sefa ko ɗaya a wannan takarda ba.

A babban taron bara kun yanke shawarar a rage rabon sabulu da tabarmi, a mai da ƙarfi kan horo. Hujjar da aka kawo ita ce mambobinmu suna zuwa wurin 'yan sanda da jandarmomi neman yaro, su durƙusa suna roƙon abin da doka ta riga ta ba yaron. Kwamiti ya bi wannan shawara, kuma kusan duk aikin bana a kanta ya tafi.

Karatun Asabar

Mun buɗe zaman karatu kowace Asabar bayan la'asar a zauren da wani dattijonmu ya ba mu aro a Domayo. Mutum biyu suka riƙe shi, dukansu mambobi: wani tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, da wata 'yarmu da ta gama karatun shari'a a Jami'ar Marwa. Ita take karanta dokar da Faransanci, shi kuma ya warware ta da Hausa da Fulatanci, ya kawo misali daga abin da idonsa ya gani a kotu.

Da sashe na 80 na kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 aka fara. Yaron da bai kai shekara 10 ba, doka ba ta ɗora masa laifi. Daga 10 zuwa 14 ana iya kama shi da laifi, amma matakin gyara kawai za a ɗauka a kansa. Daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi, sai dai da sassauci. Kuma shekarun ranar da aka yi laifin ake dubawa, ba na ranar shari'a ba. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ƙasashe shawara a 2019 kada su fara ɗora wa yaro laifi ƙasa da shekara 14. Dokarmu tana nan a 10, kuma da ita muke aiki.

Sai kundin tsarin shari'ar laifuka na 2005, wanda ya fara aiki a Janairun 2007, musamman daga sashe na 700 zuwa gaba. Nan aka fi daɗewa, aka yi ta maimaici kamar hadda. Tsarewar farko a ofishin 'yan sanda ko jandarmomi awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Yaro ɗan 12 zuwa 14 ba a kai shi jiran shari'a a gidan yari sai in maganar kisa ce. Ɗan 14 zuwa 18 sai in babu wata mafita. In an tsare shi, to a cibiyar gyaran tarbiyya ko a sashen yara, ba cikin manya ba. Shari'arsa kuma ba a bainar jama'a ake yin ta ba. Yanzu duk wanda ya kammala karatun yana da ɗan kati a aljihu mai ɗauke da waɗannan sassa da Faransanci a gaba, Hausa a baya. Matan reshen Mora sun shaida mana cewa magana takan sauya salo da zarar sun ajiye katin a kan tebur, cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba.

Maganar shekaru

Duk kariyar da na lissafa a sama a kan abu ɗaya take rataye: a yarda cewa yaro ne. Galibin yaran da suka biyo ta hannunmu bana ba su da takardar haihuwa. Doka ta ce in babu takarda, likita ne zai duba ya ƙiyasta shekaru. To likita jiki yake kallo, kuma yaron da ya tashi yana dako a kasuwa ko yana tura kurar ruwa tun yana ƙarami, ƙirjinsa da damtsensa sukan riga shekarunsa girma. Wani yaro da reshen Mokolo ya bi lamarinsa ya yi kwanaki cikin manya a wani wurin tsarewa saboda haka, sai da aka je ƙauye aka tono katin rigakafinsa daga ƙasan adakar kakarsa kafin a sake duba maganar.

Akwai kuma ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba: in shekarar haihuwa kawai aka sani, doka tana ɗaukar an haifi mutum ranar 31 ga Disamba ta wannan shekarar. Ga yaron da yake bakin 18, wannan kaɗai kan raba shi da kotun manya. Saboda haka muka koya wa mambobi yadda ake haɗa takardun neman hukuncin kotu mai maye gurbin takardar haihuwa, da irin shaidun da ake buƙata, da ofishin da ake fara zuwa. A ganina wannan shi ne horo mafi amfani da muka yi bana, ko da yake shi ne mafi gajiyarwa, kuma babu wanda yake ɗaukar hotonsa.

Kujerun da doka ta tanada wa irinmu

A nan nake roƙon iyayenmu su saurara da kyau. Kotun da take shari'ar yara ba alƙali kaɗai ke zama ba. Akwai mutum biyu da suke zama tare da shi, waɗanda ake kira asesa, kuma suna da bakin magana wajen yanke abin da za a yi wa yaro. Ministan shari'a da na jin daɗin jama'a ne suke naɗa su tare, na tsawon shekara 2. Sharaɗi shi ne mutum ya zama ɗan Kamaru, mace ko namiji, ya kai shekara 30, a kuma san shi da damuwa da lamarin yara. Ba a ce sai lauya ba. Haka nan idan kotu ta yi wa yaro sakin talala, ta mai da shi gida a ƙarƙashin sa ido, doka ta yarda a ɗora wakili na sa kai ya riƙa bibiyarsa yana kai rahoto. Kuma yaro a gaban kotu dole a samu mai tsaya masa, lauya ko wani da ya ƙware a kare yara.

A zaurenmu akwai tsofaffin malaman makaranta, da ungozomomi, da limamai, waɗanda unguwa kaf ta san su da riƙon marayu. Abin da ya hana su waɗannan kujeru bai wuce biyu ba: Faransancin rubuta rahoto, da rashin sanin cewa kujerun suna nan. Bana mun ware wasu mambobi, maza da mata, muna koya musu rubuta rahoton binciken gida: wa yake riƙe da yaro, me ake ci, ina yake kwana, yana karatu ko sana'a, wa zai karɓe shi in an sake shi. Mun kuma gabatar da kanmu ga ofishin jin daɗin jama'a na jiha domin a san da mu idan lokacin naɗi ya zo.

Makarantu da bita

Matasanmu masu son mai da wannan aiki sana'a, mun zauna da su mun shimfiɗa musu hanyoyi. ENAM, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati da ke Yawunde, ita take fitar da alƙalai da magatakardan kotu. Ma'aikatan gidan yari a makarantarsu ta Buya ake horar da su. Dukansu da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, kuma akwai iyakar shekaru, ga shi mun sake dawowa kan takardar haihuwa. Karatun shari'a yanzu ba sai an tafi kudu ba: Jami'ar Marwa tana nan tun 2008, ga ta Ngawundare, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Masu waya da ɗan Faransanci kuma mun nuna musu Agora, dandalin karatu kyauta na UNICEF a intanet, da littafin ƙa'idojin kare yara a lokacin bala'i da aka sabunta a 2019, wanda masu aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da garuruwan da suke zaune suke yawan tambaya a kansa wajen ɗaukar ma'aikata.

Bitocin da ƙungiyoyin agaji suke kira a otal-otal, mun tura mutane duk sanda aka gayyace mu. Wasu sun yi amfani ƙwarai, musamman na yadda ake sauraron yaron da aka ci zarafinsa ba tare da an sa shi ya maimaita labarin a gaban mutum goma ba. Amma kwamiti ya lura fuskoki ɗaya ne suke rububin zuwa, kuma tambayar farko ita ce nawa ne kuɗin zama. Daga yanzu da layi za a riƙa tafiya, kuma duk wanda ya dawo sai ya tsaya gaban zaure ranar Asabar ya koyar da abin da ya jiyo. Takardar shaidar halarta ta mutum ce, ya rataye ta a ɗakinsa.

Malaman allo da masu unguwanni

Zama da alarammomi ya ɗauki lokaci kafin ya kankama, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ba su manta da Disamban 2014 ba, lokacin da jami'an tsaro suka kwashi yara 84 daga makarantun allo a Girbidik aka ajiye su a nan Marwa kusan wata shida kafin a sake su. Duk wanda ya zo musu da littafin rubuta suna, sai sun dube shi sau biyu. Iyayenmu malamai na ƙungiya ne suka shige gaba, su suka nuna musu cewa rajistar almajirai mai sunan uba da gari da lambar waya garkuwa ce ga malam da yaro ranar da aka kama wani. Tsangayu da dama sun karɓa, wasu sun ce a ba su lokaci.

Da lawanai da jaurori kuwa, wato masu unguwanni da ƙauyuka, maganar sulhu aka yi. Satar kaza ko faɗan yara a ƙare shi a ƙofar mai unguwa ya fi. Fyaɗe ba ya cikin wannan. Sashe na 297 na kundin 2016 ya fayyace cewa ko an ɗaura aure tsakanin mai laifin da yarinyar, tuhuma ba ta faɗuwa. An yi muhawara mai zafi a kan wannan, kuma za a koma.

Sauran ayyuka

Mun yi bikin Ranar Yaran Afirka ta 16 ga Yuni tare da makarantun unguwa. Ziyarar sashen yara a gidan yari ta ci gaba, da abinci a watan azumi da kayan sallah. Zaman reshen Kuseri ya tsaya a tsakiyar damina saboda ruwa da lalacewar hanya, ya dawo da kaka. Mun yi rashin mambobi biyu cikin dattawanmu, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Abin da ke gaba

Karatun Asabar zai sake buɗewa da sabon aji, kuma kwamiti yana son a samu zama na mata zalla da hantsi, domin da yawa ba sa iya fitowa bayan la'asar. Duk mai shekara 30 zuwa sama da yake son a sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar don kujerar asesa ko wakilin sa ido, ya kawo wa magatakarda kwafin katin ɗan ƙasa da na takardar haihuwa kafin taron wata mai zuwa. Shugabannin rassa kuma su zo da sunayen yaran unguwanninsu marasa takarda, a fara da waɗanda suka haura shekara 14.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamiti
Marwa