Wasiƙa daga Eugene

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya, da uwargida da yara. Nan dai ruwa ne ba dare ba rana, ga sanyi har cikin ƙashi.

Saƙonka ya same ni. Ka ce shekara huɗu ke nan kana jera mazugi a fili kana ɗaukar jakar ƙwallaye, amma in an ci wasa sunan babban koci ake kira. Ina karantawa sai kocin Jami'ar Oregon da ke garin nan na Eugene a Amurka, Dan Lanning, ya faɗo mini a rai. Na san ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, da hannu ake ɗaukarta, kuma masu tsaron baya ƙungiya ce guda mai malamanta. To shi ta ɓangaren tsaron ya taso.

A wata ƙaramar kwaleji, William Jewell, ya yi wasa, daga nan ya koma horar da 'yan sakandare a jihar Missouri. A 2011 ya hau motarsa ya yi tuƙin awa 13 zuwa Pittsburgh don ya roƙi Todd Graham, babban kocin jami'ar garin a lokacin, aiki, ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Abin da ya samu shi ne matsayin yaron gida: ka kwana gaban kwamfuta kana yanka bidiyon abokan hamayya, kana rubuta yadda suke jeruwa a kowane hari, kuɗin kuwa ko hayar ɗaki da ƙyar. Ya bi Graham zuwa Arizona State, sannan a 2014 ya samu 'yan bayansa na kansa a Sam Houston State.

Ga wurin da nake so ka tsaya. Shekara ɗaya tal ya yi da wannan muƙami, sai ya ajiye shi ya tafi Alabama a 2015, ya sake zama yaron gida a ƙarƙashin babban kocinsu, Nick Saban. Kamar gardin da ya fara tara almajirai, ya naɗe buzunsa ya koma gaban wani gwani yana wanke allo. Wallahi da ni ne da girman kai ya hana ni. Amma a can ya zauna kusa da Kirby Smart, wanda ke riƙe da tsaron Alabama a lokacin, kuma a kakar suka ɗauki kofin ƙasa. Bayan Lanning ya yi shekara biyu a Memphis, Smart, wanda tuni ya zama babban koci a Jami'ar Jojiya, ya kira shi a 2018, a 2019 ya damƙa masa tsaron.

'Yan bayansa na 2021 kuwa sai wanda ya gani. Kusan maki 10 kacal ake cin su a wasa, suka doke Alabama 33 da 18 a wasan ƙarshe, kuma biyar daga cikinsu aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon. Kafin ma a buga wasan ƙarshen, Oregon ta riga ta naɗa shi babban koci, yana da shekara 35.

Kada ka ɗauka ina ce maka kowa haka yake ƙarewa. A sana'ar nan in aka kori babban koci, yawanci har yaransa ake sharewa, mutum ya kwashi iyali ya nufi wata jiha. Shi ma Lanning, ka san da wa aka haɗa shi a wasansa na farko da Oregon? Da maigidansa Smart, a Atlanta, cikin Satumban 2022. Aka lallasa shi 49 da 3.

Ka rubuto mini ko maganar kwas ɗin horaswar nan tana nan, in ga abin da zan iya turowa. In ka samu mai tahowa, don Allah a haɗo mini da yaji da kuka. Ka gai da mutanen majalisa duka.

Naka har kullum.